Yadda Sunan Sharfa Ya Koma Burodi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan garin Lafiya, sunansa Sharfaddeen, ana kiransa Sharfa. Yana da keke napep nasa na kansa, yana jigila tsakanin kasuwa da Azuba. Yana da mata, Dijatu, da 'yarsu ƙarama, Mutmainna.

Sai ya fara tsayawa a wata rumfa bayan tasha, inda ake karta. Da fari kallo yake yi. Daga kallo ya zauna. Da ya zauna kuwa, tashi ya gagare shi.

A kira azahar, yana zaune. A kira la'asar, yana zaune. Abinci ma ya zame masa ɓata lokaci, don tuwo yana son a wanke hannu, miya kuma tana ɓata karta. Sai ya ce wa Ngodoo, mai sayar da burodi da soyayyen nama a bakin rumfar, "Madam, tsaga burodin nan ki cusa naman a ciki, ki miƙo mini." Hannun hagu burodi, hannun dama karta. Yana jin ya yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi.

Wata rana da hantsi ya tafka asara har ya ɗora makullin kekensa a kan tebur. Ana cikin rabon karta sai ga maƙwabciyarsu Cordelia a guje, ko takalmi babu. Da Hausarta ta koyo ta ce:

"Baban Mutmainna, ka tashi! Yarinya yana jijjiga, idonsa ya juya. Kawo keke mu kai shi asibiti!"

Ya ji ta sarai. Ya dubi kartar hannunsa, ya ga ta yi kyau. Ya ce, "Ki je, ina zuwa. Hannu ɗaya ya rage."

Ta kama masa riga, ya fizge. Ya gatsa burodinsa.

Dijatu ta goya yarinyar ta fito titi da ƙafa tana tsaida abin hawa. Kafin a sami ɗan acaɓa a isa asibiti, rai ya yi halinsa. Shi kuwa a wannan hannun aka cinye keken. Da ya isa gida har an yi wa 'yarsa wanka, ga maiƙon nama bai bushe a yatsunsa ba. Bayan zaman makoki Dijatu ta koma gidansu, ba ta sake dawowa ba.

Kuna tsammani duniya ta tausaya masa? 'Yan rumfar nan da ya zaɓa a kan jininsa, su suka fara cewa, "Madam, ba ni Sharfa ɗaya, ki sa yaji." Aka tuntsure da dariya. Sunan ya bi tasha, ya shiga kasuwa. Shi kuma yana raɓe jikin bango, ba keke, ba iyali, ba mai ba shi wurin zama a teburin, yana ji ana sayen sunansa ana taunawa.

Ana ba da labari cewa Turawa ma haka suka sami nasu da suke kira sanwic, wai daga laƙabin wani basarakensu da caca ta hana shi tashi cin abinci. Burodi halal ne, nama halal ne. Laifin yana ga abin da ya ɗaure mutum a kujera.

Uban da ya sa wa Sharfaddeen suna, ɗaukakar addini yake nufi. Ina ɗaukakar? Kai da kake ɗaga sallah saboda wasa ɗaya ya rage, yau sallah ce, gobe wa za ka ce wa ya jira?

Allah ya kiyaye mu da zaman da ba a tashi, ya kiyaye mana sunayenmu da 'ya'yanmu. Amin.