Nas Mai Farar Hula

Akwai wata nas mai suna Rhonda a wani gidan kula da tsofaffi a Saskatchewan, ƙasar Kanada. Shekara ashirin da biyu tana aikin, kuma ba za ta taɓa bari ka manta ba. Mahaifinta Orest ma a gidan yake kwance, a ɗakin ƙarshe, da ciwon zuciya.

Ƙa'idar ba da magani kowa ya san ta: ka miƙa wa tsoho ƙwayarsa, ka tsaya har ya haɗiye. Rhonda kuwa ta fi ƙarfin tsayuwa. Bayan abincin rana in ta tarar mutum yana gyangyaɗi, sai ta ajiye masa ƙwayoyin cikin ɗan kofin takarda a gefen gado, ta rubuta an sha, ta yi gaba. Mahaifinta kaɗai take tsayawa a kansa.

Marivic, mai yi wa tsofaffin wanka, ta yi ƙarfin hali wata rana.

"Sista, kofunan nan da kike bari fa, hankalina bai kwanta ba."

"Wanka aka ɗauke ki yi, ko koya mini aiki? In na dawo ba na tarar da ko ɗaya. Me kuma kike so?"

Nan kam ta faɗi gaskiya. Kofunan ɓacewa suke yi.

Da sanyi ya tsananta, abubuwa suka fara canzawa. Tsohon da ba ya rufe baki ya koma barci har yamma. Wata mai hawan jini, jininta ya ƙi sauka. Tsofaffi uku, kowa a ɗakinsa, suka faɗi magana iri ɗaya: "Ai mai farar hula ta zo."

An fi shekara arba'in rabon da wata nas ta sa farar hula a garin. Masu girki suka tuna cewa ginin tsohon asibiti ne, kuma mutane da yawa sun cika a cikinsa. Daga nan ba mai yarda ya bi barandar shi kaɗai.

Orest ma ya ce wa 'yarsa, "Abokiyar aikinki ta fi ki haƙuri. Hannunta sanyi ƙalau, amma ba ta sauri."

"Baba, mafarki kake yi."

"Mafarki yana barin ɗaci a baki?"

Ta yi dariya, ta gyara masa bargo ta fita. Ni mai ba ku labarin nan, har yau dariyar nan ce take ƙona mini rai.

Ranar Alhamis da ƙarfe biyu na rana, gidan ya yi tsit, kowa na barci. Marivic ta hangi wata fara fat ta fito daga ɗakin Orest, riƙe da faranti, tana tafiya ba a jin sawunta. Marivic ta je ta janyo Rhonda.

Suka bi ta a hankali. Matar ta tsaya, ta juyo.

Agnes ce, tsohuwa mai shekara casa'in da ɗaya, mai ciwon mantuwa, wadda tun bazara ba wanda ya ji muryarta. Ta naɗe farin hankici ta maƙala a ka. A kan farantin akwai kofunan takarda, wasu da ƙwaya, wasu babu. Ashe aikin nas ta yi duk rayuwarta. Yana rubuce a takardunta, ba wanda ya damu ya karanta.

"Yauwa, ke ce sabuwar?" in ji Agnes tana kallon Rhonda, muryarta tar. "'Yata, akwai wata sakarya a nan da ke watsar da magani a gefen gado. Ni nake bi ina kwashewa ina rabawa. Kuma ba na gusawa sai na ga an haɗiye. Haka aka koya mana."

Rhonda ta ce, "Mama Agnes, na ɗakin ƙarshe... me kika ba shi?"

"Wannan ai ba ya gardama, mutumin kirki. Kofi huɗu, tas ya shanye."

Rhonda ta kwasa da gudu. Ta tarar da shi kwance lamo, bugun zuciyarsa da ƙyar ake ji. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, motar asibiti ta yi minti arba'in kafin ta iso. Bai kai asibiti da rai ba.

Bincike ya nuna maganin zuciya da na hawan jini na mutum huɗu ya sha a kan nasa. Ba wanda ya ga laifin Agnes. Kowace ƙwaya a cikinsu, Rhonda ce ta ɓare ta da hannunta a ranar.

Darasi: Maganin da aka bari ba mai tsaro, ba a san bakin da zai faɗa ba. A kulle shi, a ba mai shi hannu da hannu, a tsaya har ya haɗiye. Kuma kada girman kai ya hana ka jin gyaran na ƙasa da kai. Ku tura wa duk mai jinyar tsoho, a gida ko a wurin aiki.