Saƙon Asibiti Da Kamus Ya Fassara

Akwai wani magidanci da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Kamus. A shagon buga takardu yake aiki, inda mutane ke kawo wasiƙar neman aiki a gyara musu a buga. Turanci kam yana ji, ba laifi. Matsalarsa guda ce: bai iya cewa "ban sani ba".

Idan ya samu masu saurare, sai ya ɗauki kalma ɗaya ya yi ta juya ta. Ya fi son kalmar bring.

"Ku kun ɗauka 'kawo' kawai take nufi," in ji shi. "To bring up rainon yaro ne, kuma tado da magana ne. Bring down kuwa karya farashi. Turanci ba na kowa ba ne."

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne. Shekara talatin yana zaune a kan ɗan teburinsa a bakin kasuwa, har cutar yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Ƙananan kusoshin agogo suka daina ganuwa. Ya tattara kayan aikinsa a gwangwani ya koma gida.

Ƙanwar Kamus, wadda kowa ke kira Auta, ɗinki take yi, kuma karatunta bai yi nisa ba. Ita ta yi ta zarya asibiti har aka sa sunan Baba cikin waɗanda baƙin likitocin ido za su yi wa aiki. Aka ba su rana.

Wata safiya saƙo ya shigo wayarta daga asibitin. Ta bar keken ɗinkinta ta taho shagon yayanta.

Kamus ya karanta da ƙarfi don abokan aikinsa su ji: "Your appointment has been brought forward by two weeks."

A ransa ya ɗan yi turus. Bai taɓa haɗuwa da bring tare da forward ba. Amma idanu na kansa.

"Abu mai sauƙi," ya ce. "Forward gaba ke nan. Sun ɗaga aikin gaba da mako biyu."

"Yaya, ga lamba a ƙasan saƙon. Ko mu kira mu tabbatar?"

"Ke Auta, ni na taɓa zuwa na koya miki sa zare a allura? Bar wa masu abu abinsu."

Shagon ya kwashe da dariya. Auta ta karɓi wayarta ta fita.

Ranar da Kamus ya lissafa ta zo. Baba ya sa sabuwar rigarsa, Kamus da Auta suka riƙo hannunsa har asibiti, suka zaunar da shi, suka nufi teburin karɓar marasa lafiya. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ɗago kai.

"Ai an kira sunan bawan Allahn nan sau uku, wata guda da ya wuce. Ba ku ga saƙonmu ba?"

"Mun gani. Kun ce an ɗaga gaba."

"A'a, malam. Bring forward matso da rana kusa ne, ba ɗagawa ba. Likitocin sun gama sun tafi. Sai bayan wata takwas za su dawo."

 Kamus ya waiwaya. Baba na zaune a benci can gefe, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Da suka je wurinsa, Kamus ya riga Auta magana.

"Baba, asibitin ne suka canza rana ba su yi bayani da kyau ba."

Auta ta dube shi. Ba ta ƙaryata shi ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji Baba. "Mu je gida."

Daga ranar Kamus bai ƙara samun sukuni ba. Kullum ya je gaida Baba sai ya tarar da abin da zai tsaya masa a rai. Yau ya ga tsohon yana laluben bango zuwa bayi. Gobe ya ga ya zubar da shayi a cinya yana ba da haƙuri, kamar shi ya yi laifi. A shago ya daina wa'azin Turancinsa, har abokan aiki suka fara tambaya ko lafiya.

Ranar da abin ya fi ƙarfinsa, ya iske Baba ya riƙe jikarsa sabuwar haihuwa, yana shafa fuskarta da yatsu.

"Da wa take kama?" Baba ya tambaya. "Ku faɗa mini gaskiya, kada ku yi mini daɗin baki."

Kamus ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ba asibiti ba ne. Ni ne. Ban san ma'anar maganar ba, na ji kunyar faɗa. Auta ta ce mu kira, na yi mata dariya a gaban mutane."

Baba ya miƙa wa uwar jaririyar 'yarta, ya lalubo kafaɗar ɗansa.

"Na sani. Idona ne ya lalace, kunnena ƙalau yake. Na ji duk abin da matar nan ta faɗa."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Jira nake in ga wane irin ɗa na haifa. Wata takwas a duhu zan iya. Amma da ka bar ni na mutu da ƙaryar nan a tsakaninmu, wannan ne ba zan iya ba. Ni na yafe. Tashi ka je wurin ƙanwarka. A gaban mutane ka kunyata ta, kada ka ba ta haƙuri a ɓoye."

Kamus ya tashi ya nufi shagon ɗinkin Auta. A cike yake da mata masu karɓar kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hularsa, ya yi sallama.

Darasi: Kalmar Turanci ɗaya tana sauya ma'ana da zarar an jingina mata wata ƙarama, kuma babu wanda ya san su duka. Cewa "ban sani ba, mu tambaya" ba ta rage wa kowa daraja. Girman kanka kuwa, sau da yawa wani ne yake ɗanɗana kuɗarsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ake kai wa takarda ya karanta a gidanku.