Jan Fenti a Bangon Alkasum

Akwai wani mutum a Zinder mai suna Alkasum, wanda a faɗarsa bai san hassada ba. Sai dai in maƙwabcinsa Yakuba ya sake ƙofa, tuwo kan daina yi masa daɗi.

Da Yakuba ya fitar da ɗan shago a ƙofar gida, ya ci taku biyu na hanya, Alkasum ya fitar da nasa, ya ci huɗu. Babu wanda ya nemi izini a ofishin magajin gari.

Bayan shekaru, kowannensu ya sa gidansa a kasuwa. Hajiya Ramlatu mai atamfa ta zo duba na Yakuba.

Yakuba ya ce, "Hajiya, kafin mu yi nisa, shagon nan ba ya cikin takardar fili. Ran da aka zo awon hanya, sai haƙuri."

Alkasum, da kunnensa ke jikin katanga, ya ce wa matarsa, "Wasila, mutumin nan ya zare. Ya kai akuya kasuwa yana nuna gurguwar ƙafarta."

Hajiya ta nemi ragi kaɗan, ta saya.

Shi ma Alkasum yana da mai saye, Malam Abdulmumin, malamin lise, wato makarantar sakandare, wanda Alkasum ya rantse wa cewa komai na cikin takarda. Sa hannu ya rage. Amma cinikin Yakuba ya tsaya masa a wuya. Sai ya sa babbar riga, ya kai ƙarar shagon maƙwabci, don kishin ƙasa.

Wasila ta ce, "Malam, ita igiyar awon a ƙofar Yakuba za ta tsaya?"

"Ke, ba ki san aikin gwamnati ba."

Ranar Laraba ma'aikata suka auna layin kaf, suka zana jan fenti a shagunan biyu, alamar za a rushe su. Na Alkasum ya fi samun fenti.

Hajiya ta ce, "Ai an faɗa mini," ta aika a kira magini.

Malam Abdulmumin kuwa ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce, "Malam Alkasum, shagon ba komai. Sauran gidan ne yanzu ban san me zan gaskata ba." Ya hau babur ɗinsa.

Gidan yana nan. Ba ya da wuyar kwatance.

Darasi: In za ka sayar da gida, faɗi abin da ka ƙara babu izini tun mai saye bai ji a bakin wani ba. In kuma ciwon ido ne ya kai ka ƙara, fara auna ƙofarka. Ku tura wa 'yan uwa, har da maƙwabta.