Tafin Hannu Biyu a Rigar Yarima

Masu riƙe da labaran da sun ce an yi wani sarki a Birnin Maje, sunansa Dambo, mutum mai saurin fushi da saurin yanke magana. Wata shekara aka tsinci gawa a bakin hanya, aka rasa wanda ya yi kisan. Don haushi sai ya kafa doka: duk wanda aka ga shaidar hannunsa a jikin mamaci, shi ya kashe shi, kuma Hauni, mai sare kan masu laifi, zai sare shi.

Bayan shekara uku, ran wata Talata da damina, katanga ta rufto wa ɗansa Yarima a unguwar marina. Wani marini mai suna Nomau ya tono shi, ya saɓo shi a kafaɗa, amma kafin su iso fada rai ya yi halinsa. A farar rigar Yarima kuwa ga tafin hannu biyu na shuni, ɓaro-ɓaro. Aka kai Nomau gidan yari, aka ce ran Juma'a in an sauko daga masallaci za a sare shi.

Juma'ar ta zo, Sarki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga soro ya fito, ya ɗauki rigar ya ajiye, ya sa a kawo fura ya ce a mayar. Baƙin ciki na cinsa, yana kuma so rana ta yi sauri a gama, ko ya sami sa'ida. Ana haka sai ga Baba Cindo, tsohon wanzami, rataye da zabira. Shi ya yi wa Sarki askin suna, saboda haka tsawar Sarki ba ta ba shi tsoro.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zauna. Ba ni da ƙafar bin kai yana yawo."

Sarki ya zauna yana kaɗa ƙafa. Sai da Cindo ya jiƙa kan, ya aske gefe guda tas, sannan ya ce, "To, bari in ba ka labarin falken da ya sauka garin masu goya hannu."

Sarki ya ce, "Cindo, yau ba ranar tatsuniya ba ce."

"Allah ya ba ka nasara, tashi. Sai dai da rabin kai za ka shiga masallaci."

Sarki ya yi ƙwafa, ya zauna. Cindo ya fara.

Ya ce, an yi wani falke, Tanimu, mai fataucin kanwa. Wata rana da hantsi ya shiga wani gari, ya ga kowa yana tafe goye da hannu a baya, babba da yaro. Ya isa bakin kududdufi, ya tarar wata tsohuwa ta zame, laka ta riƙe ta, ruwa ya kai mata wuya. Ga ƙarti sun fi ashirin a tsaye, ba abin da suke yi sai, "Sannu Iya! Yunƙura, Iya!" Tanimu ya saki jakunansa, ya faɗa ruwa, ya tsamo ta. Yana ɗagowa ya ga taron ya watse.

Wani dattijo mai tufkar igiya ya yafuto shi, ya ce, "Baƙo, kora jakunanka ka bar garin nan kafin tsohuwar nan ta yi tari a ce kai ne."

Tanimu ya ce, "Baba, ceton nata ne laifin?"

Dattijo ya ce, "Tsuguna ka ji labarin alƙalinmu da rijiya.

"Da can ba haka muke ba. Gobara ce ta tashi a gidan alƙali, 'yarsa na cikin ɗaki. Maƙwabciyarsu Tasalla ta kutsa cikin hayaƙi, ta fizgo yarinyar, garin fizga kafaɗa ta goce. Alƙali ya ce, 'Wuta ba ta goce mata ƙashi ba, ke kika goce shi.' Ya sa aka yi mata bulala arba'in, aka kore ta daga gari. Tun ranar muka mayar da hannuwanmu baya.

"Shekara na zagayowa, alƙali ya rufta tsohuwar rijiyar bayan kasuwa. Muka taru, har da igiya. Wani ya leƙa ya ce, 'Allah ya gafarta Malam, in igiya ta saɓule maka hammata fa?' Ya ce, 'Na yafe! Na soke hukuncin!' Muka ce, 'Ai kai ka koya mana hukunci ba ya zama sai a zaure, bisa buzu, gaban shaidu. Fito ka soke, sai mu jawo ka.' Da azahar muryarsa ta yi ƙasa, da la'asar ta ɗauke.

"Mu ba mugaye ba ne, baƙo. Igiyar nan ni na tufke ta, tana hannuna har ya yi shiru. Tsoro aka koya mana, muka kuwa haddace."

Tanimu ya kaɗa jakunansa yana cewa, "Garin da tsamo mutum ya zama laifi, ko kanwata ba zan sauke a cikinsa ba."

Cindo ya goge aska a tafin hannunsa. Sarki ya ce, "A wace ƙasa wannan lalataccen gari yake?"

"Na gama askin, ranka ya daɗe. Leƙa ta taga."

Sarki ya tashi ya leƙa. Jama'a sun fara taruwa a ƙofar fada, kuma kowa hannunsa na baya, har dogarai. Shekara uku yana ganinsu haka, yana zaton ladabi ne suke yi masa. Ya daka tsawa a kawo masa Nomau.

Aka shigo da shi a ɗaure, ya durƙusa. Sarki ya ce, "Da ka isa wurin, akwai mutane?"

"Sun fi talatin, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe katangar ta faɗi?"

"An ce tun hantsi. Ni ina can ƙarshen karofi ina rini, ban ji ba sai da rana ta kusa tsaka."

"Ka san dokata?"

"Na sani. Hannun ne ya riga ni."

Sarki ya ce, "Yarima ya yi magana?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Sarki ya ce, "Faɗi!"

"An ce da farko yana kiran mutanen da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Sa'ad da na iso ya daina. Da na kama shi sai ya ce, 'Nomau, janye hannunka, akwai shuni, Baba zai gane ka.'"

Sarki ya zube a kan shimfiɗa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Da ya natsa ya ce, "Cindo, na ji. Ni ne alƙalin, sai dai ɗana ne ya faɗa rijiyar a madadina."

Ya kwance Nomau da hannunsa. Ya sa mai shela ya zaga gari yana cewa: duk wanda ya kai hannu don ya ceci wanda ke cikin halaka, ba a kama shi da abin da ya biyo baya, ko karaya ce ko mutuwa, sai in shaidu sun tabbatar cewa da mugun nufi ya je.

Rigar kuwa ya hana a wanke ta. Ya sa aka rataye ta a ƙofar fada, inda duk mai kawo ƙara zai gan ta kafin ya buɗe baki. Waɗanda suka ba ni labarin sun ce har Sarki Dambo ya rasu, bai taɓa wucewa ta ƙarƙashinta ba sai ya sunkuyar da kai.