Harsashin Da Ya Yi Shiru

A wani ƙauye da ke manne a jikin dutse, a ƙasar Lawos ta zamanin bindigar ɗuri, an yi wani mutum mai suna Onkeo. Shi ke naɗa wa maharban garin harsashin takarda. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. Onkeo mutum ne da in ya ɗora tukunya sai ya buɗe ta sau goma, ya kuma zagi wutar.

Wurin kawunsa Tongsuk ya koyi sana'ar, kafin idon tsohon ya mutu. Aikin ba wuya, sai dai ba ya son a yi masa gaggawa. A naɗa takardar ɓawon itace a jikin ɗan sanda, a sa dalma a gindi, a manne gefen da talgen shinkafa. Daga nan a jera kwansunan a ragaya bisa murhu, kwana uku cur, kafin albarushi ya taɓa su. Sai sun bushe ƙarau ake cikawa, a murɗe baki, a tsoma a kakin zuma don kada ruwan sama ya shiga.

"Kwana uku, Kawu? Takarda ce fa, ba naman ɓauna ba," in ji Onkeo tun yana koyo.

"Kai dai ka ƙirga uku," tsohon kan ce. "Mai bindiga ba ya buɗe harsashi sai ranar da ransa ke ciki."

A ƙarshen wata damina, shinkafa ta fara nuna, wani ƙaton aladen daji ya addabi gonakin tsallaken kogi. Gonar Bunlot, yayan Onkeo, ita ya fi ci. Bunlot ya zo da jakarsa ya zazzage ta a tabarma, harsashi ɗaya tak ya faɗo, ragowar na bara.

"Ka yi min bakwai nan da kwana huɗu," ya ce. "Kuma don girman uwarmu, ka yi su kamar mutum, ba kamar wanda fitsari ya matsa ba."

"Yaya ke nan. Ka taɓa harba nawa ya ƙi tashi?"

"Ban taɓa ba. Lokacin Kawu yana gani."

Suka yi dariya, Bunlot ya dungure masa kai ya tafi.

To, a makon ne ake shirin tseren kwale-kwale, matuƙa za su sauka gangare su yi kwana uku suna gwaji, kuma Onkeo ya daɗe yana kwaɗayin kujerar gaba. In ya tsaya jiran takarda, wani zai zauna a kai. Ya naɗa kwansunan da hantsi, ya shanya su a rana, da la'asar ya taɓa ya ji waje ya bushe. Ya cika su, ya murɗe, ya tsoma a kaki. Suka fito sumul suna sheƙi, har da na takwas gyara. Matarsa Buawan ta leƙo daga murhu.

"Maigida, ba yau ka naɗa su ba?"

"Ranar yau ta kai uku," ya ce, ya ɗauki filafilinsa na tuƙi. "In Yaya ya zo ki ba shi."

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, kakin da ke hana ruwa shiga, shi ne kuma ke hana shi fita.

Ya dawo da safiyar kwana na huɗu, muryarsa ta dushe don waƙar tuƙi, ya samu kujerar gaba. Buawan ta ce Bunlot ya karɓi saƙo tun jiya da rana, ya tafi kwana a bukkar gona. Kawu Tongsuk na zaune a bakin tsanin hawa gida, riƙe da harsashi na takwas wanda ya tsinta a ƙarƙashin tabarma. Ya kai shi kunne yana girgizawa.

"Onkeo, zo nan. Harsashin kirki yana raɗa in an kaɗa shi. Wannan me ya sa ya yi shiru?"

Onkeo ya karɓa ya ciji bakin ya juya shi a tafin hannu. Ba abin da ya zubo. Da ya matsa, sai wani baƙin curi ya fito kamar ragowar tuwo. Damshin talge ya gama da albarushin.

"Nawa ka ba ɗan'uwanka?"

"Bakwai."

Tsohon bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya ce kawai, "Yi gudu."

Amma gudu zuwa ina? A daidai ƙauyen kogin yana ratsa tsakanin duwatsu biyu, ba jirgin da ke haye shi, mashayar da ake tsallakewa kuwa tafiyar rabin yini ce. Aladen da sanyin safiya yake fitowa. Onkeo ya ruga bakin gaɓa, inda ake hango gonar a buɗe kamar tafin hannu. Ga Bunlot can a tsugune bayan wani kututture, bindiga a kan gwiwa.

Onkeo ya yi ta ƙwala kira da muryar da ya ƙarar a waƙa. Rugugin ruwan ya haɗiye komai. Ya tuɓe riga yana kaɗawa. Bunlot ya ɗago ya gan shi, ya ɗaga masa hannu, sannan ya dafa jakar harsashin ya jinjina masa. Godiya yake yi.

Shinkafa ta motsa a gefen gona. Aladen ya fito. Bunlot ya saita ya harba na bara, hayaƙi ya tashi fari, dabbar ta faɗi kan gwiwa. Onkeo ya fara murna, sai ya ga ta miƙe tana jan kafaɗa, ta juyo. Ya ga yayansa ya zaro harsashi ya ciza ya kifa a bakin bindiga, ya girgiza, ya jefar. Ya zaro wani. Ya jefar. Shi maharbi ne na gaske, aikinsa yake yi daidai yadda ya kamata. Onkeo yana ƙirgawa daga tsallake, yana kuka, ya san abin da ke cikin kowanne. A na biyar aladen ya iso.

Rana ta karkata kafin mutanen gari su kai gonar. Bunlot ya riga ya cika, leɓɓansa baƙi ƙirin saboda cizon harsashi. A al'adar garin, wanda ya yi mutuwar daji ba a shigo da shi cikin gida, ba a kwana ana raka shi da ganga da hira kamar sauran matattu. A nan gefen gonarsa aka haƙa aka rufe shi kafin duhu.

Matarsa Pengsi ba ta yi kururuwa ba. Ta bi ciyawa ta tsince takardun da aka ciza ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da biyun da suka rage a jaka, ta zuba wa Onkeo a hannu a gaban kowa.

"Ƙanin miji, ga kayanka. Jiya da ya karɓa sai da ya nuna min, ya ce dubi yadda yaron nan ya iya aiki."

Onkeo bai sake zama a kwale-kwalen tsere ba. Bai kuma bar sana'ar ba, don garin ba shi da wani mai yi. Yanzu kwansunansa har kwana biyar suke yi a ragaya, amma duk maharbin da ya zo karɓa sai ya kai kowane harsashi kunne ya kaɗa a gabansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai har a gama.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, aikin da wani zai dogara da shi ba a yi masa gaggawa, musamman wanda ba a ganin cikinsa sai ranar buƙata. Kwana ukun da Onkeo ya ƙi jira ba nasa ba ne, na yayansa ne. In an ba ka amanar aiki, ka ba shi lokacinsa cikakke, domin sau da yawa ba mai gaggawar ke fara shan wahalarta ba, wanda ya yarda da shi ne.