Hon ɗin Sabitu

Akwai wani direba a Nguru mai suna Sabitu, a zamanin da ake ɗauko gyaɗa daga Gashua a babbar mota a kai ta tashar jirgin ƙasa. Lokacin mota ba ta yi yawa ba, direba kuwa ji yake da kansa, Sabitu ma ya fi kowa. Ba shi da wata sana'a sai tuƙi, da ita yake ci da iyalinsa.

Hanyar fita daga Gashua ta bi ta ƙofar makarantar elemantare, ga yashi mai zurfi a wurin. En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta sa wani dattijon ɗan doka, Baba Kalli, ya riƙa tsayawa da jan ƙyalle a sanda lokacin tashin yara. Sauran direbobi sukan sauke giya su lallaɓa, in mota ta kafe a tura.

Sabitu ya ce shi ba a tura motarsa. Tun daga nesa zai taka totur ya danna hon, har da salon kiɗa yake yi da shi.

Wata rana Baba Kalli ya same shi wurin lodi, ya ce, "Ɗana, rage gudun nan a ƙofar makaranta."

"Baba, in na rage a yashin nan kafewa za ta yi. Ai ina danna hon, mai kunne ya kauce."

"Yaranmu ba su saba da mota ba. In sun ji hon ɗinka ba kaucewa suke yi ba, fitowa kallo suke yi."

Sabitu ya yi dariya ya ce, "To laifina ne don suna sona?" Gaskiya kuwa daɗi yake ji in ya ga sun yo dafifi suna kiran sunansa.

Ranar wata Alhamis ya taso da lodi har sama, daidai an tashi yara. Baba Kalli ya ɗaga ƙyalle, Sabitu ya amsa masa da hon. Yara suka kwaso a guje. Na baya suka turo na gaba, wata ƙaramar yarinya, Gaji, ta faɗi tsakiyar hanya.

Sabitu ya taka birki, amma nauyin gyaɗa ya ƙi ba shi haɗin kai. Sai ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa. Motar ta kife a gefen hanya, ta danne masa ƙafar dama.

Baba Kalli ne ya fara isowa. Ya tara mutane suka kwashe buhuna, suka ɗaga motar da itatuwa, shi da kansa ya jawo shi.

Sabitu ya buɗe ido a tsorace ya ce, "Baba, yarinyar fa?"

"Ga ta can tana kuka, ko ƙwarzane ba ta yi ba."

A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa. Mai motar ya gyara kayarsa, kafin gyaɗar shekarar ta ƙare ya ba wani direba. Sabitu bai sake riƙe sitiyari ba.

Darasi: Ƙofar makaranta wurin rage gudu ne, hon ba ya tsayar da mota. In mai tsaron hanya ya ɗaga maka hannu, tsaya, ya san yaran fiye da kai. Ku tura wa duk direban da kuka sani.