Ɗinyar da ba a hawa

An yi wani sarki a birnin Marke, tun zamanin da ya shuɗe, ana ce masa Zubairu ɗan Ɗayyabu, mutum mai kunya da yawan ibada, wanda bai taɓa nufin kowa da sharri ba. Sai dai ni mai ba ku labari na daɗe da lura cewa mutum yana iya zama mai kyakkyawar niyya, alhali bai san abin da ake yi da sunansa ba. A bayan fadarsa akwai wani lambu mai manyan itatuwan ɗinya, waɗanda in mutum ya ɗaga kai zai ga ƙarshensu sai hularsa ta faɗi. Duk kaka mai hawa ya tsinko ya ba mai kwando, mai kwando ya kai wa Sarkin Lambu, shi kuma ya miƙa gaba, har sai ɗinya ta ratsa hannu bakwai kafin ta iso bakin sarki.

Da shekaru suka ja, sai sarki ya riƙa yin wani mafarki a barcinsa na ƙailula. Yakan ga kansa a wani ɗan tsakar gida wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, an share an yayyafa ruwa, ga wata ɗinya da ba ta wuce tsayin mutum ba, rassanta sun sunkuyo kamar masu gaisuwa. Ganyenta mai yatsu biyar yana motsi ba tare da iska ba, ƙudan zuma na shawagi, 'ya'yan baƙi wuluk suna sheƙi. Da ya miƙa hannu zai tsinka sai ya farka, ya tashi da wani irin bege da ya rasa sunansa.

Ya kira wazirinsa Ɗalhatu, dattijo mai tsawon nazari, ya ce, "Waziri, wannan ru'uya ta hana ni sukuni. Ina so ka raya mini irin wannan itaciya a ɗan filin da ke bayan turakata, ko kuwa ka nemo mini inda take, in Allah ya halicce ta."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ɗinya dai sarauniyar daji ce, ba ta saba da ƙunci ba. Amma umarni naka ne, ƙoƙari namu."

Damina biyar masu lambun fada suna fama. Wadda suka dasa a ƙasa ta miƙe ta wuce katanga, wadda suka tsare a tukunya ta bushe, wadda suka datse kuwa ta yi fushi ta ba su ganye zalla. Ana nan wata rana da hantsi Waziri yana komowa daga ta'aziyya ta unguwar maginan tukwane, yana bisa doki, sai ya waiga ta kan wata gajeriyar katanga ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi, wato kan ɗinya a ƙarƙashin idonsa. Ya sauka ya yi sallama. Gidan wata tsohuwa ce mai ginin tukwane, sunanta Tasalla, ga mijinta Nomau zaune a gindin itaciyar bisa buzu, ƙafafunsa a shanye. Waziri ya dubi itaciyar, ya dubi mutumin, ya daɗe yana dubansa.

Da sarki ya ji labari, murna ta kama shi, ya ce a tafi da dagi da fartanya a haƙo ta da ƙasarta a kawo fada. Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma ɗaya. Mafarkin bai nuna maka ita a fada ba, a gidan ya nuna maka. Ka je ka gan ta a mazauninta tukuna, masu haƙa su jira a ƙofa."

Washegari bayan la'asar sarki ya shiga gidan Tasalla, sai da ya rage tsawo saboda rawaninsa. Ga tsakar gidan nan an share an yayyafa ruwa, ga ƙudan zuma, komai kamar yadda ya sha gani. Amma da ya tsaya gaban itaciyar bai ga komai ba sai ganye. Ya ce, "Baiwar Allah, ina 'ya'yan?"

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ba a ganinsu a tsaye. Sai an zauna."

Fadawa suka fara gunaguni, sarki ya ɗaga musu hannu, ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da Nomau. Da ya ɗaga ido sai ga su nan suna reto a ƙarƙashin ganye, baƙi wuluk, hasken yamma na ratsa su. Ya rasa ko barci yake ko ido biyu. Can ya ce, "Iya, ta yaya kika sarrafa abin da ya gagari masu lambuna?"

Ta ce, "Ba wani asiri, ranka ya daɗe. Tsohuwar kwatarniya na huda wa gindi na binne, na dasa ta a ciki don kada saiwa ta yi yawo. Na datse mata kai tun tana ƙarama, na ɗaura wa rassan duwatsu da igiyar rama su saba da sunkuyo, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Waziri ya ce, "Duk wannan mutanenmu sun yi, Iya."

Ta ce, "To, da me suka auna? Ni kowace shekara in ruwa ya sauka, sai maigida ya zauna nan ya ɗaga hannu. Reshen da ya wuce yatsunsa, ko in sunkuyar da shi ko in cire shi."

Sarki ya juya ga Nomau ya ce, "Malam, me ya sami ƙafafunka?"

Nomau ya ce, "Zaki, ni ne mai hawan ɗinyar fada shekara ashirin da suka wuce. Reshe ya karye da ni. Ɗinyar da na tsinka ran nan ta iso gare ka, don na riga na zuro kwandon. Labarina ne bai iso ba. Sau uku ana kai ni ƙofar fada a kan jaki, na gaya wa Sarkin Lambu, ya ce zai gaya wa na gaba. Daga baya aka ce mini sarki yana bene, ba a hawa."

Tasalla ta ce, "Shekara guda ya yi ba ya ci sai an matsa masa, yana zaune yana kallon itatuwan mutane. Ya ce mini ba tafiya ya fi kewa ba, tsinka da hannunsa ya fi kewa. Shi ya sa na dasa ta. Ƙasa taka ce, ranka ya daɗe, in ka ce a haƙa sai a haƙa. Roƙona kawai a bari ya tsinke na bana."

Hannun sarki a lokacin yana sama, wata nunanniya har tana taɓa yatsansa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, hawaye ya gangaro cikin gemunsa, ya janye hannun a hankali. Ya ce, "Yanzu na gane abin da ya sa nake farkawa kafin in tsinka. Ba tawa ba ce. Malam Nomau, na ci ƙafafunka ban sani ba, yau kuma saura kaɗan in ci hannunka. Ka yafe mini, kuma in ka yarda, ka sam mini ɗaya."

Nomau ya ɗaga hannu ba tare da ya motsa daga buzunsa ba, ya tsinko ta ya ɗora a tafin sarki. Sarki ya ci, baƙinta ya ɓata masa haƙora, bai goge ba.

Nan take aka sallami masu haƙa. Sarki ya ba Nomau da Tasalla gona da masu noma musu ita har ƙarshen rayuwarsu, ya ce su zaɓi gidan da suke so a birnin, Tasalla ta yi godiya ta ce ɗinya ba ta ƙaura, su ma haka. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri saboda shawarar da ta tsare shi daga zalunci. Daga ranar ya bar zaman bene, yana shimfiɗa buzu a ƙofar fada kowace safiya, inda wanda ke zaune a ƙasa zai iya kama bakin rigarsa ya faɗi kukansa. Mafarkin kuwa bai sake zuwa masa ba.

Shi ya sa masu hikimar birnin Marke suke cewa, adalci da hannun mai rauni ake auna shi, kuma sarkin da sai an hau kafin a same shi, ba zai san waɗanda suka faɗo ba.